Yadda Ake Kallon Damben Boksin a Talabijin Ba da Idon Damben Gargajiya Ba

Daren 28 ga Oktoba, 2023, saura ƙiris a fasa talabijin a gidan kallon unguwarmu a Birnin Kebbi. Francis Ngannou, ɗan Kamaru, wanda bai taɓa shiga damben boksin na kuɗi ba sai ranar, ya sheme Tyson Fury a turmi na uku. Benci ya kife, wasu suka fita titi da gudu suna ihu. Fury ya miƙe, aka ci gaba har turmi goma, da aka zo hukunci sai aka ɗaga hannun Fury. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya sa zare a ƙuruciyarsa can wajen Argungu, ya juyo ya ce, "Kai yaro, wanga wane irin dambe na? A kashe mutum, ya tashi ya kakkaɓe, kuma a ce shi yac ci?" Na ce, "Baba, ai su nan faɗuwa maki ɗaya take rage wa mutum." Ya ɗauki sandarsa ya ce, "To, su ci abinsu."

Baba bai yi kuskure ba, a dokar da ya sani. A dambenmu, ko Kudu kake ko Jamus ko Guramada, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. Boksin kuwa lissafi ne, turmi bayan turmi. A daren nan alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95-94, ɗaya ya ba Fury 95-94, na uku ya ba Fury 96-93. Ni kaina Ngannou na ba a takardata, da maki ɗaya. Bambancina da sauran 'yan kallo shi ne ina da takardar, na san turmin da muka saɓa da alƙalai. Abin da wannan jagora zai koya maka ke nan, tare da shirin da ke gabansa, domin wanda bai samu hoton ba ma ai ba ya da abin lissafawa.

Fara da tantance damben da ya cancanci barcinka

Ba kowane dambe ake hana ido barci dominsa ba. Masu shirya wasa 'yan kasuwa ne, kowane dare a bakinsu shi ne dare mafi girma a tarihi. Abu uku za ka duba.

Na farko tarihin 'yan damben. A ƙarƙashin sunan kowa za ka ga lambobi kamar 20-1-0: ya ci 20, an ci shi sau 1, bai taɓa canjaras ba. Wani lokaci a ƙara yawan waɗanda ya gama da su kafin lokaci ya cika. Kada sifiri ya ruɗe ka. Akwai mai 20-0 da bai taɓa haɗuwa da namijin gaske ba, an yi ta kawo masa waɗanda sana'arsu ita ce shan kashi a biya su. Shiga shafin BoxRec, rubuta sunansa, ka duba mutum biyar na ƙarshe da ya kara da su, ka ga su wane ne su. Minti biyar ya ishe ka.

Na biyu kambu. Ƙungiyoyi huɗu ne ke ba da kambun duniya da ake ji da shi: WBA, WBC, IBF da WBO. Na WBC shi ne koren nan da ka saba gani. Shi ya sa a aji ɗaya za ka iya samun mutum huɗu kowa na kiran kansa zakaran duniya, kamar gari ɗaya da sarkin dambe huɗu. Wanda ya haɗe huɗun shi ne zakaran da babu ja. A ajin masu nauyi, tun bayan Lennox Lewis a 1999 ba a sake samun wanda ya haɗe kambuna ba sai Oleksandr Usyk na Yukren, ranar 18 ga Mayu, 2024, a Riyad. Ko shi ɗin makonni kaɗan ya yi ya saki na IBF, aka ba Daniel Dubois, sai da ya sake karɓo shi da hannunsa a Wembley a Yulin 2025. Idan ka ji ana cewa kambun "riƙon ƙwarya" ne, ko wani kambu mai dogon suna na nahiya ko yanki, ka san ado ne aka yi wa tallar.

Na uku aji. Ajin nauyi 17 ne aka saba da su. Masu nauyi su ne waɗanda suka haura kilo 90.7, kuma ba su da iyaka daga sama. Ajin tsakiya iyakarsa kilo 72.6, shi ne ajin da Dick Tiger ɗan Najeriya ya kare kambunsa na duniya a hannun Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan a 1963. Ajin da Hogan Bassey, shi ma ɗan Najeriya, ya ci kambun duniya a Faris a 1957 kuwa kilo 57 ne da 'yan kai. Mu nan mun fi son ƙattai, saboda Muhammad Ali da Mike Tyson, saboda Samuel Peter da ya ɗauko kambun WBC a 2008, saboda Anthony Joshua da asalin gidansu yake Shagamu. Babu laifi. Amma in gwaninta kake nema, sauka ƙasa. Ƙattai kan gaji su yi ta rungumar juna. Ka kalli Naoya Inoue na Japan sau ɗaya, ɗan mutumin da bai kai kilo 56 ba, ka ga yadda naushin ciki ke durƙusar da mutum.

A nan kuma ka rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa a gidajen kallonmu. Abin da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka yi suna a kansa faɗan keji ne na UFC, da shuri da kokawa a ciki, dokarsa daban. Reslin kuma wasan kwaikwayo ne da aka tsara. Boksin hannu ne kawai, daga ɗamara zuwa sama.

Lissafin lokaci

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Lokacin da ake sa wa a talla lokacin fara shirin ne gaba ɗaya, ba lokacin babban dambe ba. Kafin manya su fito, ƙananan 'yan dambe za su yi karawa huɗu, biyar, har fiye, abin da kan ci awa uku zuwa biyar. Abin da za ka nema shi ne lokacin da manyan za su tako zuwa fage, sannan ka mayar da shi agogonmu.

Riyad da Jidda suna gabanmu da awa 2, ko yaushe. Babban dambensu yakan faɗo mana wajen 11 zuwa 12 na dare, wani lokaci ya ɗan gota. Tun da Saudiyya ta fara zuba kuɗi a harkar, mu ne muka fi kowa morewa.

Landan, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogonmu ɗaya da su. Sauran watannin muna gabansu da awa 1. Yawanci wajen 10 na darensu manya ke fitowa.

Amurka ce matsala. Niyok tana bayanmu da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a lokacin sanyinsu. Las Vegas kuwa awa 8 ne, ko 9. To in an ce manya za su fito 8:30 na daren Asabar a Las Vegas a watan Satumba, 4:30 na asubahin Lahadi ke nan a Birnin Kebbi ko Gusau, ba Asabar ba, ka lura da wannan. Damben turmi 12 in ya je ƙarshe minti 47 yake ci: turmi 12 na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya-ɗaya sau 11. Ƙara taken ƙasa da kirarin mai gabatarwa, sai ka ga ladan ya kira assalatu ana turmi na takwas. Shawarata ga damben Amurka: kwanta bayan isha'i, sa agogo ya tashe ka 3:30, ka yi alwala tun da wuri, in an tada salla ka tafi masallaci, dambe zai dawo a maimaici. Ba yau aka fara ba. Ali da George Foreman ma ƙarfe 4 na asuba suka kara a Kinshasa a 1974, don mutanen Amurka su kalla da darensu, kuma agogon Kinshasa ɗaya ne da namu.

Tokyo tana gabanmu da awa 8, saboda haka damben Inoue yakan zo mana da tsakar rana, gab da azahar, sau da yawa ma a ranar aiki.

Inda za ka kalla, da abin da zai riƙe hoton

Babu tashar da ta mallaki boksin gaba ɗaya. Kowane dambe da wanda ya sayi izinin nuna shi. SuperSport ta DStv da GOtv ta daɗe tana kawo manyan karawa, amma ba duka ba, kuma ba a kowane tsarin biya tashar ke buɗewa ba. DAZN ta intanet take, wani damben kuma sai ka biya masa kuɗinsa daban bayan na wata. Netflix ma ta shigo: ita ta nuna Mike Tyson da Jake Paul a Nuwamban 2024, da Canelo Alvarez da Terence Crawford a Satumban 2025. Saboda haka tun ranar Laraba ka buɗe jadawalin dikodarka, ka gangara zuwa daren wasan, ka ga sunan damben da idonka da lambar tashar. In babu, ka san intanet ce ta rage. Kada ka bari sai daren ka fara neman wanda zai biya maka kuɗin wata.

In gidan kallo za ka, je ka tambayi mai gidan ido da ido kwana biyu kafin ranar. Tambaya biyu: zai nuna kuwa, kuma zai kai ƙarfe nawa a buɗe? Gidajen kallonmu na ƙwallo ne. In ba ku kai mutum goma sha ba, ba zai ƙona mai har ɗaya na dare dominku ba. Mu dai karo-karo muke yi, mu sayi man tun da rana mu miƙa masa. Kuma ka yi tunanin komawa gida. In unguwarku da nisa, ko 'yan sintiri na tare hanya bayan sha biyu, ka kwana gidan aboki ko ku taho a ƙungiya. 'Yan'uwanmu na ƙauyukan da tafiyar dare ta zama haɗari, wallahi babu damben da ya kai ran mutum; a jira safiya.

Sai wuta. Ranar 8 ga Maris, 2024, Joshua da Ngannou, a gidan wani abokina muke. Joshua ya kai shi ƙasa a turmin farko, muna cikin murna aka ɗauke wuta. Kafin a ja inji ya tashi, kafin dikoda ta gama kame-kamenta na farfaɗowa, hoton da ya dawo na Ngannou ne a kwance likitoci sun kewaye shi. A turmi na biyu aka gama. Tun daga ranar dokarmu ita ce: da zarar damben da ke gaban babba ya ƙare, a tada inji a koma kansa, ko da akwai wutar gari. Mai sola da inbata ya kashe firji da fankokin da ba a buƙata tun magariba, batir ya kai shi. Da damina kuma hadari mai kauri yana yanke siginar dish, babu yadda za ka yi da shi sai waya a ajiye cike da caji da data.

Game da data: hoto matsakaici yana cin kusan giga 1 a awa, mai tsabta sosai yana iya kai giga 3. Ka rage tsabtar hoton da kanka, kada ka bar wa manhajar zaɓi, kuma kada ka ƙone datarka a kan ƙananan karawa. Hoton waya yana makara da daƙiƙa talatin ko fiye, to in maƙwabcinka na kallo ta dish, ihunsa zai riga hotonka. Su kuma mahaɗan da ake watsawa a WhatsApp da Facebook wai kallo kyauta, yawancinsu tallar caca ce, wasu kuma tarko ne. Duk wanda ya nemi ka sa lambar sirrinka kafin ka kalla, rufe shi.

Ranar awo

Kwana ɗaya kafin dambe ake ɗora su a sikeli, kuma ana nuna shi kyauta a YouTube. Zage-zage da ture-turen da suke yi talla ce, kada ka ɗauke ta da zafi. Lambar sikelin ita ce labari. Andy Ruiz ya girgiza duniya ranar 1 ga Yuni, 2019, da ya tsayar da Joshua a turmi na bakwai a Niyok. Da aka zo karawa ta biyu a Saudiyya a Disamba, sai ya hau sikeli da ƙarin kusan kilo 7. Duk wanda ya ga awon nan ya san shagali ya yi ba atisaye ba, kuma Joshua ya yi ta kewaye shi turmi 12. A ƙananan azuzuwa kuma duba fuska: wanda idanunsa suka zurma, kumatu suka shige, ya matse ruwan jikinsa ne don ya shiga aji, kuma sau da yawa ƙarfinsa kan ƙare a turmin ƙarshe-ƙarshe.

Takarda da biro

Yanzu mun zo kan gundarin maganar. Yage takarda ɗaya, ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa: sunan wannan, sunan wancan, a gefe lambobi 1 zuwa 12. In damben mata ne yawanci turmi 10 ne na minti biyu-biyu.

Mutum huɗu ke hukunci. Alƙalin da ke cikin fage yana tsare doka ne, ba ya ba da maki a manyan karawa. Masu makin mutum uku ne da ke zaune a gefe daban-daban na fagen, kowa da abin da idonsa ya gane masa. Kowane turmi shari'a ce mai zaman kanta. Wanda ya ci turmin yana da 10, ɗayan 9. Ko da tazara kaɗan ya ci, ko da mai yawa, yawanci 10-9 ne. In an kai mutum ƙasa a turmin, sai ya zama 10-8. Sau biyu, 10-7. In alƙalin fage ya kama hannun ɗan dambe ya zagaya da shi yana nuna wa alƙalan yatsa ɗaya, an cire masa maki ɗaya saboda laifi, kamar dukan ƙasan ɗamara, dukan ƙeya, karo da kai, ko yawan riƙo. Ana iya ba da 10-10, amma alƙalai ba su cika yi ba, kai ma ka daure ka zaɓi ɗaya.

Ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: da an kaɗa ƙararrawa, rubuta makinka nan take, kafin a nuna maimaici, kafin mai sharhi ya faɗi nasa, kafin na kusa da kai ya buɗe baki. Kuma in ka rubuta ba gogewa.

Ta yaya za ka san wanda ya ci turmi? Abu na gaba da komai shi ne naushin da ya shiga tsaf, da gaban safar hannu, a fuska ko a jiki. Wanda ya sauka a kan safa, ko kafaɗa, ko gwiwar hannu, ba komai ba ne, komai ƙararsa. Nan ne 'yan kallon fili ke ɓatar da mutum. A Wembley, in ɗan gida ya kai duka shida duk a kan safa, mutum dubu casa'in za su yi ruri kamar an yi kisa. Baƙo ya mayar da guda biyu masu kyau, tsit kake ji. Ka duba kan wanda aka kai wa dukan: ya girgiza? Gumi ya fantsama? Ƙafa ta ja baya? In babu, bai shiga ba. Bayan wannan sai matsa lamba mai amfani. Bin mutum kawai ba ci ba ne. Wanda ke tafiya gaba yana shan duka a hanci, ba shi ke cin turmin ba, ko da a idon dambenmu shi ne namiji. Sai wanda ke juya akalar wasan, wato damben yana gudana a inda yake so kuma da saurin da yake so. Sai kariya.

In turmi ya rikice maka, yi wa kanka tambaya ɗaya: a cikin minti ukun nan, a jikin wa na fi son in kasance? Shi ne mai 10.

Ga amfanin lissafin a aikace. Usyk da Fury, karawar farko. A turmi na tara Usyk ya rikita Fury, ya yi ta tangaɗi daga igiya zuwa igiya. Bai taɓa ƙasa ba, amma doka ta ce in igiya ce kaɗai ta riƙe mutum, faɗuwa ce, sai alƙali ya ƙirga masa. Sakamako: 115-112 Usyk, 114-113 Fury, 114-113 Usyk. Dubi takardar ƙarshen nan. Turmi shida-shida alƙalin ya raba musu, wato 114-114, makin faɗuwar nan ne ya mayar da ita 114-113. Ba don shi ba, da canjaras aka tashi, da kambunan ba su haɗu a hannun kowa ba a daren. Mai takarda a hannu shi ke ganin wannan.

Inda za ka ajiye idonka

Sabon ɗan kallo hannu yake bi. In ka ɗan saba, sauke idonka ƙasa lokaci-lokaci. Idan bahago ya haɗu da na-dama, kamar Usyk da Joshua, ƙafafunsu na gaba suna fuskantar juna, kuma duk wanda ya sa tasa ta waje ya samu hanyar da hannunsa mai ƙarfi zai bi kai tsaye. Yaƙin da ake yi ke nan a ƙasa, masu ihu ba su gani. Ka lura da ɗan gajeren naushin hannun gaba, wanda suke kira jab. Ba ya kisa, amma shi ne sandar makaho: da shi ake auna tazara, da shi ake tara maki. Wanda jab ɗinsa ke shiga yawanci shi ke gaba a takarda. Ka lura da dukan ciki da haƙarƙari a turmi huɗun farko. Bashi ne, a turmi na tara ake biya.

Alamun gajiya ba su ɓuya: baki a buɗe, hannu ya sauka daga haɓa, jingina da igiya, rungumar abokin karawa da zarar an matso, satar kallon agogo. In ka ji an ƙwanƙwasa katako, saura daƙiƙa goma turmi ya ƙare, kuma wayayyun 'yan dambe a nan suke zuba duka don su saci idon alƙali. Kada daƙiƙa goma ta shafe maka minti biyu da hamsin.

Minti ɗayan hutu ba lokacin duba waya ba ne. Kyamara na shiga kusurwa. Ko ba ka jin Turanci, fuskar koci ta ishe ka: mai magana a natse ya san suna gaba, mai ɗaga murya yana marin cinyar yaronsa ya san ana binsu. Dubi mai kula da rauni yana danna ƙarfe mai sanyi a kan kumburi. Tsagar da ke saman ido ta fi ta ƙasa haɗari, don jini na gangarowa ya rufe gani, kuma likita na iya tsayar da wasa saboda ita. A nan akwai wata doka da ke haddasa gardama a gidan kallo: in naushi ne ya tsaga shi aka tsayar, an ci shi. In karon kai ne ba da gangan ba, kuma an kammala turmi huɗu, sai a koma takardun alƙalai. In ba a kai ba, a mafi yawan wurare an fasa ke nan, babu wanda ya ci.

Idan mutum ya faɗi, ɗayan zai koma kusurwar da ba ta kowa ba, alƙali ya fara ƙirge. Ko ya miƙe a uku sai an kai takwas, a goge masa safa, a ce ya tako gaba. Dubi ƙafafunsa a wannan takun, su ne ba su iya ƙarya. Kuma kada ka tashi ka tafi. Wladimir Klitschko ya kai Joshua ƙasa a turmi na shida a 2017, Joshua ya tashi ya gama da shi a na sha ɗaya. Deontay Wilder ya shimfiɗe Fury a turmi na 12 a 2018, kowa ya ce ya mutu, ya miƙe, aka tashi canjaras.

In kuma alƙali ya shiga tsakani ya rungume mutum alhali yana tsaye, ko kocinsa ya jefo tawul, za ka ji gidan kallo ya ɗauka da "an sayar!" Ni ba na cikin masu wannan ihun. A da turmi 15 ake yi a damben kambu. Bayan ɗan Koriya Duk Koo Kim ya rasu sakamakon karawarsa da Ray Mancini a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Mutumin da ya daina mayar da martani, kansa na lilo, duka ɗaya na gaba na iya zama wanda zai bi shi har gida.

Karanta hukunci

Haruffan da za su fito a allo kaɗan ne. KO: an ƙirga goma bai tashi ba. TKO: alƙali ko likita ko kusurwarsa sun tsayar. RTD: ya ƙi tashi daga kujera bayan hutu. DQ: an kore shi saboda laifi, kamar Tyson da ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997, ko Curtis Harper da ya fice daga fage ana kaɗa ƙararrawar farko a gaban Efe Ajagba a 2018. In an kai ƙarshe: UD, alƙalai uku sun yarda da mutum ɗaya, SD, biyu da ɗaya, MD, biyu sun ba mutum ɗaya, na uku ya ce canjaras. In aka yi canjaras a damben kambu, mai kambu ya koma gida da abinsa.

Ga wata dabara ta kunne: in mai sanarwa ya fara karanto maki yana kiran sunan ɗan dambe bayan kowace takarda, alƙalai sun rabu. In ya jero lambobin uku bai kira suna ba, bakinsu ɗaya.

Sannan ka kwatanta da takardarka. Mayar da lambobin zuwa turmi, in babu faɗuwa ko cire maki: 115-113 bakwai da biyar ne, 116-112 takwas da huɗu, 117-111 tara da uku, 120-108 kuwa bai ci ko ɗaya ba. In kai kana da 115-113 ga wannan, alƙali na da 115-113 ga wancan, turmi biyu kacal kuka saɓa, ba fashi ba ne. In tazararku ta kai turmi huɗu ko biyar, to ɗayanku da magana. Alƙalan boksin suna tafka abin kunya, musamman in baƙo ya je garin mai gida, amma sai mai takarda ne ke da bakin faɗa.

Washegari ana sakin takardun alƙalai turmi-turmi, hotonsu na yawo a intanet. Ajiye taka kusa da su, ka ware turmin da kuka saɓa. Nemi cikakken damben, ba guntayen da aka tsinto ba, domin guntaye naushin da ya yi kyau kawai suke nunawa. Kashe sautin gaba ɗaya, ka sake kallon waɗannan turmin biyu ko uku, ka sake ba da maki a sabuwar takarda. Da na yi haka da damben Fury da Ngannou, turmi na bakwai da na takwas na fi daɗewa a kai. Na maimaita su har sau uku, batirin waya ya mutu ban canza makina ba.